Gargaɗi ga masu tankin murjani: na'urar lura da ruwa da wani ke sayarwa a Instagram ta bogi ce

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwon kifin ado, musamman mu 'yan tsirarun da muka shiga harkar ruwan gishiri da murjani mai rai. Na yi kusan wata biyu ina juya maganar nan a raina kafin in rubuta, don ba na son in ɗora wa bawan Allah abin da ban tabbatar ba. Yanzu na tabbatar. Kayan suna nan a wargaje a kan teburina, kuma labari ya zo mini cewa har yau yana karɓar kuɗin mutane. Ba zan kama sunansa ba, ko na kama ma ba zai amfane ku ba, domin sau biyu yana sauya sunan shafinsa tun da na san shi. Salon aikinsa ne bai sauya ba, shi zan bayyana muku.

Ga wanda bai san harkar ba: murjanin da iyayenmu mata ke ɗaurawa a wuya ƙashin wata dabbar teku ne. Wanda muke kiwo a tankin gilashi danginta ne, amma da ransa, kuma a cikin namansa akwai wata gansakuka ƙanana ƙwarai da ke samar masa abinci daga haske. Idan ruwa ya yi zafi fiye da kima sai ya kori gansakukar, ya yi fari fat, daga nan sai mutuwa. Shi ya sa muke tsare zafin ruwa tsakanin digiri 24 da 26, gishiri gram 35 a kowane kilo na ruwa, pH kuma, wato lambar da ke nuna tsami ko kanwar ruwa, wajen 8 zuwa 8.3. A Kaduna inda nake, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Watan Afrilu ruwa yana neman tafasa, daren hunturu yana sanyi ƙalau, iskar ta bushe tana shanye ruwan tanki ta bar gishirin, ga wutar NEPA da ba ta da alƙawari. Shekara uku ina yin komai da hannu a tankina mai lita 200. Na'urorin kamfani irin su Apex na Amurka da ProfiLux na Jamus suna yin aikin, amma duk wanda ya buga farashinsu da canjin dala ya san ba na kowa ba ne. Sai na yanke shawarar haɗa tawa, kamar yadda masu wannan sha'awa suke yi a ko'ina: ƙaramin fanel na kwamfuta da ake kira ESP32, ma'aunin zafi, sandar auna pH, makunnin da ke bin tashi da saukar ruwa, da rile, wato makunnin da na'ura ke sarrafawa, da zai riƙa kunna hita da injin sanyaya ruwa.

Ina cikin neman kayan ɗaya bayan ɗaya ne na ci karo da tallar mutumin nan. Yana kiran kansa Injiniya, ya ce yana Legas. Ya ce me zai sa in wahala, shi ya riga ya tara komai a kwali guda, ya zuba manhajar a ciki, nawa kawai in ɗaura 'yan wayoyi in jona. Hotunan shafinsa kuwa sai wanda ya gani: tankuna shuɗaye garau, allon kwamfuta da zanen hawa da saukar zafi. Ya saka ni a wani zauren WhatsApp na waɗanda ya ce kwastomominsa ne, inda shi kaɗai ke da ikon yin rubutu, yana turo hotunan saƙonnin godiya. Na tura masa naira 240,000 a watan Oktoban bara. Sunan da ya fito a asusun ba shi ne na shafin ba. Da na tambaya ya ce na matarsa ne. Bayan kwana huɗu direba ya kira ni in zo tasha in karɓi saƙo.

A nan ne damfararsa ta bambanta da wadda muka saba ji. Shi ba ya cin kuɗi ya ɓace. Kaya suna zuwa, kuma suna aiki. Allon ya kama, ya nuna 25.1, hita ta ɗauke da zafi ya kai, pH yana wasa tsakanin 8.1 da 8.3 kamar yadda ake so. Hankalina ya kwanta har na yi wa wani abokina a Abuja tallarsa, abin da ke damuna ke nan har gobe. Daga baya ya ce duk wanda na kawo masa zai ba ni kashi goma cikin ɗari, kuma akwai kuɗin lasisi na wata-wata idan ina so na'urar ta riƙa turo mini saƙo a waya.

Akwai wata shawara da ya rubuta a takardar da ta zo da kwalin, kuma ita ce ta kashe mini tanki. Ya ce a murɗa makunnin jikin hita zuwa ƙarshe, wai don kada ta yi gardama da na'urar. Ku saurara da kyau: wannan kuskure ne babba. Hitar tanki tana da nata abin da ke kashe ta idan ruwa ya kai zafin da aka saita. Ƙa'ida ita ce a bar shi ɗan sama kaɗan da abin da ake so, kamar 27, domin ranar da na'urarka ta rikice hitar ta tsayar da kanta. Idan ka murɗa shi ƙarshe ka cire wannan kariyar da hannunka.

Wani dare a watan Janairu, cikin tsananin hunturu, wuta ta kwana. Na fito sallar asuba na ji falo da wani wari irin na bakin kogi. Ruwan ya yi dishi-dishi. Kifayena biyu masu ruwan goro da farar ɗamara suna saman ruwa suna haki, domin ruwan zafi ba ya riƙe iska sosai. Na sa hannu na ji ɗumi kamar ruwan wankan jariri. Allon na'urar yana nuna 24.8. Na ɗauko tsohon ma'aunin gilashi da na ajiye a aljihun tebur, ya hau har 33. Hita mai wat 300 a ruwa lita 200 tana iya ƙara sama da digiri ɗaya a kowace awa idan ba abin da ya tsayar da ita, ita kuwa ta kwana a kunne. Kifayen sun rayu, alhamdulillahi. Reshen murjani nau'in Acropora guda uku da na raina tun suna kamar ɗan yatsa, namansu ya saɓule a cikin kwana biyu, ya bar farin ƙashi. Sauran murjanin rabi ya tafi.

Da na kira Injiniyan, ya ce, "Alhaji, ai matsalar wutarku ce ta Arewa, ta ƙona maka sansa. Akwai sabon samfuri, zan ba ka a rabin kuɗi." Ban yi masa musu ba a ranar. Na kwance akwatin na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin a unguwarmu, wanda ya fi shekara talatin yana riƙe da dalma.

Gwajin farko ko buɗe akwatin ba mu yi ba. Muka jona shi, muka zare ma'aunin zafin gaba ɗaya daga jikinsa. Allo bai motsa ba, 24.8. Ma'aunin da ake amfani da shi a irin wannan aiki sunansa DS18B20, kuma idan ya mutu ko wayarsa ta katse, manhajar da kowa ke amfani da ita a Arduino, wani ƙaramin fanel na kwamfuta irin ESP32, tana ba da lamba -127, alamar cewa babu shi. Wanda ya san abin da yake yi, da ganin wannan lambar zai sa na'ura ta kashe hita ta yi ƙara. Shi kuwa ya tsara tasa ta ɓoye matsalar, ta ci gaba da nuna lambar ƙarshe da ta karanta. Tunda 24.8 ƙasa take da 25 da na saita, sai ta yi ta ba hita wuta har gari ya waye, injin sanyaya ruwa kuma bai ko motsa ba. Da muka duba kan ma'aunin, bakin ƙarfen ya yi tsatsa, ruwan gishiri ya shige ciki. A wata uku kacal. Ƙarfe mai araha ba ya zama a ruwan teku. Ana sa wanda aka lulluɓe da roba ne ko na titaniyam.

Kwalin ya zo da ma'auni na biyu na ko-ta-kwana, shi na jona a Arduino ɗina na karanta lambar shaidarsa. Kowane DS18B20 yana da lamba tasa shi kaɗai, gida takwas, tana farawa da 28. Na asali, wanda kamfanin Dallas ya fara yi, ya koma hannun Maxim, yanzu kuma Analog Devices tun 2021, gidaje biyu da ke kafin na ƙarshe 00 da 00 ne. Nawa ba haka yake ba. A gaskiya jabun DS18B20 sun cika kasuwar duniya, wasunsu ma suna aiki daidai gwargwado, kuma da a kan wannan kaɗai ne da ban rubuta komai ba. Amma ya rantse mini na asali ne, kuma kuɗin na asali ya caje ni.

Sai muka zo kan pH. Baba mai gyaran ya ce, "Ɗana, aika a sayo mana lemun tsami." Muka matse a kofi muka tsoma sandar. Ruwan lemun tsami bai wuce 2 zuwa 3 ba. Allo ya nuna 8.2. Muka cire sandar baki ɗaya, ya nuna 8.1, can ya koma 8.3. Nan Baba ya ɗauko sukudireba ya buɗe akwatin, ya juyo mini shi ya ce, "Duba da idonka." Ramin da ake jona sandar pH ɗin, daga ciki ba ko waya ɗaya a jikinsa. An manna shi ne kawai da gam. Wata uku ina kallon lambobin da aka tsara su riƙa yawo su kaɗai, ina gode wa Allah ruwana lafiya. Da ma akwai alamar da ta isa: sandar pH ta gaskiya tana zuwa da bakinta a jiƙe cikin ruwan adana ta, kuma dole a daidaita ta da ruwan gwaji na 7 da na 10 kafin a yarda da ita, a kuma riƙa maimaitawa. Tasa a bushe ta zo, kuma ya ce an riga an daidaita ta har abada. Babu irin wannan sanda.

Abin da ya fi tayar wa Baba hankali shi ne ɓangaren wuta. Rile biyu ne a ciki, an rubuta 40A a jikin kowanne. Ya fasa ɗaya, abin da ke ɗaukar wutar a ciki BTA12 ne, na amfiya 12. Wanda ke riƙe da injin sanyaya ruwa robarsa ta riga ta yi baƙi ta gefe, domin injin yana fizgar wuta da ƙarfi duk lokacin da zai tashi, kuma ba a ɗaura rile ɗin a kan ƙarfen da zai sha zafinsa ba. Irin wannan rile idan ya ƙone, yawanci a kunne yake maƙalewa. Babu fis, babu wayar ƙasa, ga wuta mai bolt 230 a cikin akwatin roba da aka ce in rataye a saman ruwan gishiri, a falon da yarana ke wasa suna taɓa gilashi. Baba ya daɗe yana kallonsa, ya ce, "Murjani ka rasa. Ka yi sadaka."

Da na koma shafinsa da idon da ya buɗe, sai na ga abin da ke gabana tun farko. Soket ɗin da ke bango a hotunan tankunan nan irin na Amurka ne mai tsaga biyu a tsaye, ba mai baki uku irin namu ba. Allon kwamfutar da yake nunawa kuwa na reef-pi ne, manhajar da masu sha'awar harkar suka rubuta suka saka a intanet kyauta ga kowa, wadda aka gina don wata ƙaramar kwamfuta mai suna Raspberry Pi. Babu Raspberry Pi a akwatinsa. Hoton aikin mutane na kyauta yake nunawa yana karɓar kuɗin lasisi a kai. Na tura masa bidiyon lemun tsamin. Cikin minti goma ya fitar da ni daga zauren, ya toshe lambata.

Dalilin da ya sa na ƙi yin shiru shi ne, mu masu murjani ba mu da yawa, kuma ya gane haka. A sabon shafinsa akwatin nan ne dai, mai shuɗin allo, amma yanzu yana tallata shi ga masu ƙyanƙyasar 'ya'yan tarwada da masu injin ƙyanƙyasar ƙwai. Ƙwan kaza yana son zafi wajen digiri 37.5 na kwana 21. Ku ƙiyasta abin da zai faru da ƙwai ɗari biyar na matar da ta ci bashin adashi, idan allo ya tsaya a 37.2 hita kuma tana ta ci. Ni sha'awa ce ta kai ni; su abincin gidansu ne.

Haɗa na'urar da kanka abu ne mai yiwuwa, ni ma na koma kansa, sai dai a hankali kuma kowane abu na san inda na saye shi. Duk wanda zai saya a hannun wani, ya gwada ta a bokiti tukuna, sati guda, da ma'aunin gilashi a gefe. Ya zare ma'aunin zafin tana cikin aiki ya ga ko hita za ta mutu. Ya tsoma sandar pH a lemun tsami. Ya sa mai gyaran lantarki da ya yarda da shi ya buɗe ta a gabansa, kuma duk wutar tankin ta bi ta makunnin kariya na RCD mai miliyamfiya 30. Famfon da ke ƙara wa tanki ruwan da iska ta shanye ma a sa masa iyakar lokaci, don in makunnin ruwan ya maƙale kada ya tsiyaye durom guda ya tsinka gishirin. Akwatinsa ba shi da wannan ma. Wanda ya riga ya biya shi, ya adana alat ɗin banki da hirarrakinsu, ya sanar da bankinsa, ya kai ƙorafi hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ko EFCC. Ni na kai nawa, abokina na Abuja ma ya kai, kuma shi nasa akwatin da aka buɗe daidai yake da nawa har gam ɗin.

Idan kana da akwatin nan a gidanka yanzu, don Allah kada ka bari sai gobe. Ka zare shi daga wuta, ka mayar da makunnin hitarka 25 ko 26, ka jona ta kai tsaye, ka tsoma ma'aunin gilashi a ruwan kafin ka kwanta.