Yawon rabin yini a Guangzhou: ɗan jagoran ya san tarihi, amma ya so ya haɗe mana Buddha da Almasihu

Duk wanda ke zuwa sari Guangzhou ta ƙasar China ya san kwanakin jiran kaya. Ka biya kuɗi, masana'anta ta ce sai jibi, kai kuma zaman otal a unguwar Xiaobei ya ishe ka. A irin wannan rana ce muka ɗauki ɗan jagora, ni da Alhaji maƙwabcina a kasuwa, ta hannun masu otal ɗinmu. Saurayi ne mai ladabi, Turancinsa ba laifi. Yuan 300 ya karɓa a kanmu mu biyu, kuɗin jirgin ƙarƙashin ƙasa namu ne. Wurare biyu ya yi alkawari: babbar majami'ar Katolika ta Sacred Heart a titin Yide, da haikalin mabiya Buddha na Liurong.

A fannin tarihi ba ni da ta cewa, yaron ya yi karatu. Majami'ar tana tsakiyar 'yan busasshen kifi da 'yan kayan wasan yara, kana cikin ƙarni da hayaniyar masu tura kaya sai ka ɗaga kai ka ga hasumiya biyu sun tokare sama. Faransawa 'yan mishan ne suka aza harsashinta a 1863, ba a gama ba sai 1888, kuma daga ƙasa har sama dutse ne zalla. Ya kai mu gindin ginin ya nuna mana duwatsun kusurwa biyu, ɗaya an sassaƙa masa sunan Roma, ɗaya Urushalima. Ni ɗan ECWA ne, ba mu saba da kyandir da siffofi a coci ba, amma na zauna a benci na yi addu'ata hankali kwance.

Liurong ta girme ta nesa ba kusa ba, tun shekara ta 537 aka kafa ta. Hasumiyarta mai kusurwa takwas hawa tara ce in ka ƙirga daga waje, a ciki kuwa 17. A babban zaure akwai siffofin Buddha uku na tagulla da aka zuba a 1663, kowace ta kai mita shida. Na tsaya ina kallon wata tsohuwa: ta kunna tsinken turare uku, ta riƙe su a goshi da hannu bibbiyu, ta sunkuya sau uku, ta soke su a tokar kasko, sannan ta ajiye lemo a gaban siffar. Ukun nan, in ji jagoran, na Buddha ne da koyarwarsa da jama'ar sufayensa.

Nan ne muka fara saɓawa. Da ya ji ni Kirista ne sai ya shiga jero mini kamanni. Ga carbi, nasu ƙwaya 108. Ga sufaye marasa aure kamar su fada da sista. Ga Guanyin mai jinƙai, wai ita ce Maryamu tasu. Ga dokoki biyar na mabiyi: kada ka kashe rai, kada ka yi sata, kada ka yi lalata, kada ka yi ƙarya, kada ka sha abin maye. Ya rufe da cewa ai duk ɗaya ne, sunaye ne kawai suka bambanta.

Alhaji ya yi dariya ya ce, "Malam, wannan so yake kada ranka ya ɓaci, ka hana shi na goro."

Kamannin gaskiya ne, amma kama da wane ba ta wane ba ce. Na tambaye shi wa ya halicci duniya a koyarwar Buddha, ya yarda babu Mahalicci a ciki. Siddhartha Gautama, wato Buddha kansa, haifaffen Lumbini a Nepal ta yau, bai ce shi Allah ba ne. Ya koyar cewa rayuwa cike take da wahala, ƙwaɗayin zuciya ne tushenta, kuma akwai hanya mai matakai takwas da mutum zai bi da ƙoƙarin kansa har ya kai nirvana, ya fita daga zagayen mutuwa da sake haihuwa. Mu kuwa matsalar da muka sani zunubi ce a gaban Allahn da ya yi mu, ceto alheri ne ta mutuwar Yesu da tashinsa, mutuwa sau ɗaya ce, bayanta shari'a. Wanda burinsa ya daina dawowa da wanda ke jiran tashin matattu ba tasha ɗaya suka nufa ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ya tsallake wurin da kusancin ya fi ƙarfi. Masu ibada da yawa a can suna ta maimaita sunan wani Buddha da ake kira Amituofo, suna dogara ga alkawarinsa cewa zai karɓe su bayan mutuwa a aljannarsa da suke kira Ƙasa Mai Tsarki, ba don yawan aikinsu ba. Sai da na tono da tambaya ya faɗa. Wannan ne ya cancanci a zauna a kai, ba lissafin ƙwayar carbi ba.

Sai kuma halin 'yan jagora. Muna fitowa ya karkata da mu wani shagon carbi da ganyen shayi, wai mu huta. Mu da muke cin abinci da la'ada za a nuna wa wannan? Lokacin da ya cinye mana a can da ya ishe mu taka zuwa masallacin Huaisheng, wanda ba shi da nisa, Alhaji ya yi azahar.

Kuɗin bai yi yawa ba, zan iya tura masa wani. Amma ku yanke magana tun a otal: babu shago, a saka masallacin a lissafi, kuma in Lahadi ce a bar majami'ar sai da rana, lokacin sujadar Turanci da 'yan Afirka ke cika ta.