Kuɗin tara a Zariya: wane abin taɓawa za a saya wa yaro, wane za a rage?

Yawancin abin da yaranmu ke ci tsakanin karin kumallo da abincin rana ba daga tukunyar gida yake fitowa ba. A bakin ƙofar makaranta ake sayensa, ko uwa ta sayo katan guda na biskit a kasuwar Sabon Gari ta riƙa jefawa a jaka kowace safiya. Iyaye da yawa yanzu suna son ragewa, saboda suna ganin ƙiriniya da rashin natsuwa sun yi yawa. Kafin a canja saye, ya kamata a san wanne ne ke taɓa halin yaro, domin ba duk na leda ne laifinsu ɗaya ba.

Sukari ake fara zargi. A 1995 wasu masu bincike a Amurka suka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan sukari da halayyar yara, ba su samu shaidar cewa shi ke sa rawar kai ba. Ɓarnarsa tana wani wajen: yana cinye haƙori, yana kuma kashe sha'awar abinci. Yaron da ya cika ciki da alewa da lemon kwalba zai ture tuwo, anjima yunwa ta taso masa, sai kuka da faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abinci a yini. Giram 4 na sukari kusan ƙaramin cokali ɗaya ne, to a duba jikin kwalba a lissafa.

Abin da na fi jin tsoro shi ne kala. A 2007 masana a Jami'ar Southampton ta Ingila suka gwada haɗin wasu kalolin abinci da sinadarin hana lalacewa a kan yara 'yan shekara 3 da 'yan shekara 8 zuwa 9, suka ga rawar kai ta ƙaru a cikinsu, ko da yake ba kowane yaro abin ya taɓa daidai ba. Daga 2010 Tarayyar Turai ta wajabta rubuta gargaɗi a jikin abincin da ke ɗauke da kaloli shida: E102, E104, E110, E122, E124 da E129. Ana iya samun irinsu a alewa mai launin ɗorawa ko ja jawur, da garin lemo na ƙaramar leda, da ƙanƙarar da ake ƙullawa. A juya bayan leda a nemi waɗannan lambobi, ko sunaye irin su Tartrazine da Sunset Yellow. Lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, tana nuna an yi wa kayan rajista, kuma wajibi ne a neme ta tare da ranar ƙarewar wa'adi, amma ba ta ce yaro ya sha kullum ba. Ƙanƙara mai kala da ba ta da rubutu ko kaɗan, ita zan fara cirewa, tunda ba a san kalar ba, ba a san ruwan ba.

Lemo baƙi da abin sha na ƙara kuzari suna da sinadarin caffeine mai hana barci. Yaron da bai yi barci ba, malamin boko da na Islamiyya duk za su gani a jikinsa washegari. Na ƙara kuzarin kam ba na yara ba ne.

Biskit marar kirim yana tsakiya. Ba ya riƙe ciki, amma yana da tsafta, ba ya lalacewa a jaka, kuma idan aka haɗa shi da dafaffen ƙwai ya wadatar.

Na gida kuma sai an tantance. Alkaki, nakiya, tuwon madara da kantu namu ne, amma sukari ne fal a cikinsu, wurinsu biki da Sallah. Zoɓo da kunun aya suna da kyau idan a gida aka yi, inda uwa ke riƙe da cokalin sukari. Na sayarwa wasu na ƙara masa kala da ɗanɗanon kanti, kunun aya kuma ba ya jure zafin rana, da wuri yake tsami.

Waɗanda suka fi cancanta da kuɗin, a ganina, su ne masu riƙe ciki har a tashi: ƙosai, awara, dafaffen ƙwai, dankalin Hausa, gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Gyaɗa ba baƙuwa ba ce a garin da cibiyar binciken noma ta Samaru ta daɗe tana fitar da irinta. Sai dai a zaɓi busasshiya mai tsafta, a zubar da mai ɗaci ko mai furfura, domin gyaɗar da ta sha danshi a ajiya tana iya ɗaukar guba mai cutar da hanta. Yaro ɗan ƙasa da shekara 5 kada a ba shi ita ƙwaya-ƙwaya saboda shaƙewa, a daka masa ko a sa a kunu. Awara da ƙosai kuma a lura da man suyar, in ya yi baƙi a wuce gaba. Kayan marmari a bi lokacinsu, mangwaro da zafi, lemu da sanyi, sun fi araha a haka. Dabino biyu ko uku na kashe kwaɗayin zaƙi.

Hanawa gaba ɗaya rana guda tana jawo rigima, yaro kuma zai karɓa a hannun abokai. Gara a fara da masu kala da lemon kwalba, a bar biskit zuwa gaba, a ware rana ɗaya a mako ta alewa. A sanar da kaka da kawunnai da ke zuwa da tsaraba, a roƙe su cikin ladabi su sauya zuwa ayaba ko dabino. Idan an yi makonni ana haka, barci ya daidaita, amma har yanzu yaro ba ya iya zama ko sauraro a gida da makaranta, a kai shi wurin likitan yara, ko a asibitin koyarwa na Shika ko wanda ya fi kusa, a duba ji da gani da jininsa.