Hudi mai zif a yanayin Accra: wadda ta cancanci kuɗinka da wadda za ka bari a kan tebur

Cikin rigunan sanyi na maza da ake samu a Accra, hudi, wato rigar sanyi mai haɗe da hula, mai zif daga wuya har ƙasa ita ce na ga ta fi dacewa da mu, kuma na daɗe ina sa ta, ta fos, wato ta gwanjo, da sabuwa duka. Sanyinmu ba ya wuni. Yana zuwa da asuba a lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, sai kuma Yuli da Agusta in iskar teku ta taso, sai cikin bas ɗin dare daga Circle zuwa Kumasi inda na'urar sanyaya iska ke aiki har gari ya waye, ko a bayan okada da sassafe. Kafin hantsi ya ɗaga, gumi ya dawo. Rigar da ake zurawa ta ka ba ta da tsaka-tsaki, ko tana jikinka ko ka tuɓe ta, ka tuɓe hular kanka tare da ita. Mai zif kuwa kana zuge ta zuwa ƙirji, ka buɗe ta gaba ɗaya in rana ta yi, ka cire hannu ɗaya ka yi alwala ba tare da ka jiƙa ta ba.

Sai dai yawancin hudin da ke jibge a Kantamanto, babbar kasuwar fos ta Accra, ba don mu aka ɗinka su ba. Kamfanin Champion na garin Rochester a jihar New York ne ya fito da rigar hudi a shekarun 1930, domin ma'aikatan ɗakunan ajiyar kaya masu aiki cikin tsananin sanyi, kuma har yau mafi yawan waɗanda ke fitowa daga dilolin Ingila da Kanada da Amurka an yi su ne don sanyin can. Shi ya sa kafin ka kalli launi ko suna, juya rigar ka duba cikinta.

Yadin iri biyu ne. Akwai mai ƙananan madaukai a ciki irin na tawul, wanda masu sayarwa a intanet ke rubuta wa French terry. Akwai kuma wanda aka karce madaukan da buroshi har suka zama gashi mai laushi. Na biyun shi ke sace zuciyar mai saye, domin hannu na taɓa shi sai ka ji daɗi, amma aikin gashin nan shi ne riƙe iska mai ɗumi a jikin fata. A Tamale ko Bawku cikin Janairu yana da amfani. A Nima ko Madina, tafiyar minti goma daga masallaci zuwa gida ta isa ta jiƙa maka baya. Mai madaukai yana tsotse gumi, yana barin iska ta ratsa, kuma ba ya barin zare a jikin farar singileti. Ga mazaunin Accra, shi nake ba shawara ba tare da wani kokwanto ba. Ɗan Aboabo ko Asawase a Kumasi, inda asuba ta fi tamu sanyi, zai iya ɗaukar mai gashi in ba shi da kauri.

Ana auna kaurin yadi da nauyin murabba'in mita ɗaya. Giram 250 zuwa 300 shi ne daidai da mu. Daga 350 zuwa sama kayan ƙasashen ƙanƙara ne. A kasuwar fos ba wanda zai gaya maka wannan adadi, amma hannunka zai gaya maka: riga mai lamba L ta yadin da muke so tana kai wajen rabin kilo ko ɗan fiye, mai kaurin kuwa tana doshin giram 800 ko 900. In ka ɗaga ka ji ta ja maka hannu, ajiye ta.

Takardar da ke faɗin haɗin zaren tana cikin ɗinkin gefe, yawanci ta hagu, kusa da ƙasa. Auduga kashi 80 da foliyesta kashi 20 shi ne haɗin da ya fi yi mini aiki. Auduga zalla tana da daɗin sawa, amma a Mayu da Yuni, lokacin da ruwa ke sauka ba ƙaƙƙautawa, takan kwana biyu a igiya ba ta bushe ba, ta fara warin danshi, kuma ta fi shiga, wato tsukewa, bayan wanki. Wadda foliyesta ya yi wa yawa, rabi da rabi ko fiye, tana saurin bushewa, amma tana riƙe warin hamata ko an wanke, kuma ba da jimawa ba sai 'yan ƙulle-ƙullen zare su fito a ƙarƙashin hannu da inda igiyar jaka ke gogawa. Ana iya aske su da reza a hankali, amma za su dawo.

Zif shi ne ran wannan riga, kuma a nan ne aka fi yin asara. Yadi mai kyau yakan yi shekaru, zif maras kyau kuwa ba ya ganin ƙarshen hunturu ɗaya. Haƙoransa iri uku ne: na ƙarfe, na roba masu ƙwari da ake gani ɗaya-ɗaya, da na nailan mai kama da murɗaɗɗiyar waya. Na ƙarfe ya fi kyan gani, amma iskar gishiri ba ta raga masa, musamman ga mazauna kusa da teku kamar Jamestown da Chorkor da La. Yakan dushe, ya yi kore-kore, ya dinga cijewa. Na roba ba ya tsatsa kuma yana tafiya sumul, sai dai in haƙori ɗaya ya fita, zif ɗin gaba ɗaya ya tashi aiki. Na nailan ya fi sauƙi da lanƙwasa, ya fi dacewa da yadi maras kauri. Ni na roba nake fifitawa a Accra.

Juya kan zif ɗin, wato abin da ake ja, ka duba bayansa. Akwai lamba a jiki. Lamba 5 na nufin faɗin haƙoran in sun haɗu ya kai wajen milimita 5, kuma shi ya kamaci riga irin wannan. Lamba 3 na siket ne da aljihu, amma za ka same shi a kan sababbin hudi masu araha da ke cika shaguna da shafukan WhatsApp, domin ya fi sauƙin kuɗi. Araha ba ta ado. Sunan YKK, kamfanin Japan da aka kafa a 1934, alama ce mai kyau in ka gan shi a jiki, amma akwai na jabu, don haka kada sunan ya hana ka gwadawa.

Gwajin ba ya cin minti biyu. Raba zif ɗin gaba ɗaya, ka sake zura sandar ƙasa cikin ɗan akwatinta, ka maimaita sau uku ko huɗu. In sai ka yi ta lalube kafin ta zauna, matsala na tafe. Duba ɗan ƙyallen da aka taurara a gefen sandar, domin nan ne ke fara yagewa, kuma in ya yage ba ya gyaruwa. Ja zif ɗin zuwa tsakiya, ka kama gefen rigar biyu a ƙasan kan zif, ka ja da ɗan ƙarfi: in haƙoran suka buɗe, kan ya saki. Sannan kwantar da mariƙin, ka ja wuyan rigar gefe da gefe. Zif mai kyau yana kulle kansa, ba ya zamewa ƙasa. Daga ƙarshe shimfiɗa rigar a zuge a kan tebur. In layin zif ya yi tudu da kwari, yadin ne ya shiga bayan wanki alhali ƙyallen zif, wanda na foliyesta ne, bai shiga ba. Guga ba ta gyara wannan, kuma a jiki sai ya turo ciki gaba ko ga wanda ba shi da tumbi.

Wani abu da ke ruɗa masu saye: su ga kan zif a hagu, su ce rigar mata ce. Ba lallai ba ne. Kayan maza na Amurka yawanci kan yana dama, na Turai kuwa sau da yawa yana hagu. In ka dace da mai kai biyu, wanda ake iya buɗewa daga ƙasa, kada ka bar shi, musamman in kana tuƙa babur ko kana daɗewa a zaune, domin ɗan buɗe ƙasan yana hana rigar tattarewa a ciki.

Maganar lamba, kada ka dogara da harafin da ke wuya. L na Amurka ya fi L na Sin girma nesa ba kusa ba. Tafi da tef ɗin tela a aljihu, ka auna daga hamata zuwa hamata rigar na zuge. Mai ƙirjin santimita 100 yana buƙatar 56 zuwa 58, domin a sami wurin riga a ciki. Ɗinkin kafaɗa ya tsaya a ƙashin kafaɗa ko ya ɗan sauka kaɗan, bakin hannu ya tsaya a wuyan hannu, ƙasan rigar ya rufe bel amma kada ya wuce tsakiyar aljihun wando.

A Kantamanto, Laraba da Asabar da sassafe ne aka fi buɗe dila, kuma zaɓen farko ba ya jiran wanda ya tsaya karin kumallo. Gobarar farkon Janairun 2025 ta cinye babban ɓangare na kasuwar, 'yan kasuwa sun yi asara mai yawa kafin su sake tada rumfunansu, don haka in ka ga kaya mai kyau, yi tayi na mutunci. Mai kaya zai ce maka, "Maigida, wannan zaɓen farko ce, yau aka buɗe." Ka amsa masa da fara'a, amma ka ja bakin hannun rigar ka sake shi. In ya koma yadda yake nan take, robar cikinsa tana da rai. In ya tsaya a buɗe, ta mutu, kuma hannun zai dinga zubowa kan yatsunka. Haka za ka yi wa ƙugun rigar. Duba kusurwar aljihu ta sama, inda nauyin waya ke yaga ɗinki, ka ɗaga rigar ga haske don ganin ƙananan hujojin ƙuna. Hula mai ninki biyu tana zama da kyau a bayan wuya, mai falle ɗaya kuwa tana langaɓewa. A ra'ayina, fos ta zaɓen farko mai zif lamba 5 ta fi yawancin sababbi masu kuɗi ɗaya da ita ƙarko.

Launi kuwa, ruwan toka da shuɗi mai duhu da ruwan ƙasa sun fi haƙuri. Baƙa tana da kwarjini ranar farko, amma ƙurar hunturu tana bayyana a kafaɗarta, rana kuma tana mayar da ita ja-ja-ja. Wadda ba ta da zane ta fi shiga ko'ina. In kuma da rubutu a jiki, karanta shi kafin ka biya, domin dila ba ta tantancewa: akwai tallar giya, akwai zagi, akwai hoton ƙoƙon kai, kuma abin takaici ne a ga saurayi a sahun gaba da irin wannan a bayansa bai sani ba.

Sawa mafi kyau ita ce mafi sauƙi: farar riga mai gajeren hannu a ciki, hudi ruwan toka a buɗe ko a zuge zuwa ƙirji, wandon jins mai duhu ko kaki, da kambas mai tsabta. Rigar ciki kada ta leƙo ƙasan hudi fiye da yatsu biyu. In hudin mai faɗi ce, wandon ya zama madaidaici. A kan jallabiya zuwa sallar asuba tana kyau ƙwarai, in dai ba ta da zane kuma launinta ya fi na jallabiyar duhu. A kan kaftanin shadda na Juma'a ko suna ba ta dace ba, tana murƙushe guga, tana ɓoye aikin wuya. Da batakari, rigar saƙi ta arewacin Ghana, ma haka, domin shi kansa yana da kauri da faɗi. Hular hudi ta zauna a baya in kana sanye da hula, kuma a sauke ta in za a gaida manya, ko shiga banki, ko isa shingen 'yan sanda da dare.

Wajen wanki, a zuge zif har sama, a juya rigar, a yi amfani da ruwan sanyi. Ruwan zafi ne ke sa auduga shiga, shi ke kawo tudu da kwarin nan. Ta fos a fara jiƙa ta awa ɗaya a bokitin ruwa da rabin kofin farin binega don warin dila ya fita, kuma kada bilic ya kusance ta. A matse ba tare da murɗawa ba, a ninka ta biyu a kan igiya cikin inuwa. Rataye ta da hula ko a hanga tana jiƙe yana ja kafaɗu su zube. In hunturu ya wuce, a tabbata ta bushe ƙarau kafin a ajiye, kuma ba cikin leda ba, saboda danshin Accra yana sa ta fumfuna.

Zif mai cijewa a goga masa kyandir ko bakin fensir a haƙora. Wanda ke buɗewa a baya bayan an ja, yawanci kan ne ya saki: a matse bayansa da filaya kaɗan-kaɗan, gefe ɗaya sannan ɗayan, ana gwadawa, domin in aka matse da ƙarfi yana fashewa. In kuma sai an canja gaba ɗaya, auna tsohon, na lamba L yakan kai santimita 65 zuwa 70, ka sayi irin wanda ke rabuwa a ƙasa, ka wanke rigar kafin ka kai wa tela. Ka roƙe shi ya fara kama zif ɗin da allurai ko ɗinkin hannu, kada ya ja yadin a ƙarƙashin keke, kuma ka zuge rigar a gabansa ka ga bakin aljihun dama da na hagu sun daidaita kafin ka biya.