Kirim ɗin Girki na Kwali a Taliya da Soyayyen Nama: Ya Yi, Amma da Sharaɗi

Duk babban kanti a Jidda ko Makka, daga Panda zuwa Bin Dawood, za a tarar da kirim iri uku a gefen madara, kuma nan ne uwargida ke fara yin kuskure. Akwai gishɗa ta gwangwani, wadda aka saba ci da zuma da burodi. Akwai na bugawa, mai kitse kashi 30 zuwa 35 cikin ɗari, na kek. Sai na girki, wanda aka rubuta masa "kirimat ɗabkh" a jikin kwali, irin na Almarai da Puck. Shi na gwada a wannan girki sau da dama, kuma hukuncina shi ne ya ci kuɗinsa.

Abin da ya fifita shi: kitsensa bai kai na bugawa ba, amma an sa masa abin da ke riƙe shi, don haka yana jure zafi ba tare da ya tsinke ba. Gishɗa kuwa da ta ji wuta sosai sai mai ya taso sama, miyar ta yi nauyi a baki.

Ga mutum huɗu: nama rabin kilo, taliya giram 400, kirim mililita 250, bota cokali biyu, tafarnuwa ƙwaya huɗu, cukwin Famesan gogagge giram 50, gishiri da masoro. Taliyar ta zama mai faɗi ko mai rami, fetucini ko fenne, don su ne ke kama miya.

Nama shi ne rabin aikin. Ki ce wa mahauci antirkot (tsokar haƙarƙarin sa marar ƙashi) ko fileh (tsoka mai laushi ta cikin gadon baya), ya yanka kaurin santimita biyu da rabi. Naman miya bai yi ba, mintuna goma a kasko ba za su sa shi laushi ba. In daga firiza ya fito, ya kwana a tallaja, wato firiji, ya saki, sannan a tsane shi da takardar kicin har ya bushe ƙayau. Jiƙaƙƙen nama ba ya soyuwa, dahuwa yake yi cikin ruwansa ya fito fari-fari. Haka ma in aka cika kasko. Biyu-biyu za a sa.

Kasko mai kauri, na baƙin ƙarfe in da hali, ya yi zafi har man ya fara ɗan hayaƙi. A ajiye naman a ƙyale shi minti uku zuwa huɗu, kada a taɓa, sai a juya. Mu da muka taso da tsire, wanda mutanen Hijaz ke ce wa siriya, ba ma son ganin ja a cikin nama, to ba laifi: bayan juyawa a rage wuta a ƙara minti biyu ko uku. Mai ma'aunin zafi ya duba tsakiya, digiri 63 na Celsius matsakaicin nuna ne, 71 ya nuna gaba ɗaya. A sauke a bar shi ya huta minti biyar kafin a yanka, kuma a gicciye zaren naman ake yankawa, ba a bi tsawonsa ba.

Kada a wanke kaskon. Wannan ƙanzo mai launin ƙasa da ya kama gindi shi ne ɗanɗanon miyar. A rage wuta, a narka bota, a sa tafarnuwa sakan talatin kawai, in ta ƙone ɗaci za ta yi. A zuba ludayi ɗaya na ruwan da aka dafa taliya a kankare ƙanzon da muciya, sannan kirim. Ya riƙa ɓararraka a hankali minti uku, ba tafasa ba. Cukwi sai an kashe wuta, kaɗan-kaɗan ana juyawa, in ba haka ba ya dunƙule ya zama igiya.

Aibin kirim ɗin biyu ne. Na farko, yana saurin yin kauri. Miyar da ta yi daidai a kasko, kafin a shimfiɗa sufura, wato shimfiɗar cin abinci, ta daskare kamar kunu ya kwana. Maganin abin a ajiye kofi guda na ruwan taliya, a tsame taliyar saura minti ɗaya ta nuna, ta ƙarasa cikin miyar, a sauke tana ɗan ruwa-ruwa. Na biyu, shi kaɗai lami ne. Yana buƙatar masoro da yawa, kuma rabin attaruhu da aka soya tare da tafarnuwa yana tashe shi. Sai dai a yi hattara da dunƙule, domin Famesan ma gishiri ne da shi.

Lemun tsami da tumatir ɗanye su ne ke iya tsinka kirim ɗin duk da juriyarsa. In ana so, sai bayan an sauke. Ruwan da naman ya tsatso lokacin hutawa a mayar da shi cikin miyar, a jera yankan a sama.

In an buɗe kwali, a ƙarar da shi cikin kwanakin da aka rubuta a jiki. Kada a sa ragowar a firiza, in ya narke gudaji-gudaji yake yi. Don haka ga ƙaramin gida, ƙaramin kwali ya fi na lita ɗaya riba.