Marsandi 560SL da na saya a Katsina da mitarta da ta tsaya a 41,276

Wata bakwai ke nan da motar nan ta shigo gidana, sai yanzu zuciyata ta yi sanyin da zan iya rubuta wani abu a kanta ba tare da na ci mutuncin kowa ba. Da a makon farko na zauna rubutun nan, da tuni ana sasanta mu a gaban mai unguwa.

Marsandi ce 560SL, mai ƙofa biyu da kujera biyu, irin wadda ake ɗauke wa rufi. Masu bin tsofaffin motoci a garin nan sun san wadda nake nufi, don ta daɗe lulluɓe da tamfol a wani gida a GRA. Motar gado ce. Mai ita ya rasu, magada suka ce a sayar a raba. Ni kuwa tun ina ɗan sakandare nake mafarkin irinta, shi ya sa da dillali ya kira ni ban ko gama shan shayina ba na fita. Kuɗin da na biya ba zan faɗa ba, uwargida tana karanta abin da nake rubutawa. Ku dai da kuka san kasuwa, ku ɗauka na sayi Corolla 'yar Kwatano mai lafiya har da canji mai kauri, sai na ƙi.

Da aka yaye tamfol, dillalin bai bari na zagaya motar ba. Hannuna ya ja har bakin sitiyari ya ce, “Alhaji, bar kallon jiki, dubi mita.” Na duba: 41,276. Ƙirar Amurka ce, kana ganin dogon bamba da fitilu huɗu zagayayyu ka sani, saboda haka da mil take lissafi. Na buga a waya, kilomita dubu 66 da 'yan kai. Motar da ta ba shekara talatin baya! Nan take hankalina ya tafi hutu.

Ga wanda bai sani ba, a kan lambar nan kuɗin irin motocin nan yake. Kamfanin Mercedes ya yi shekara 18 yana ƙera wannan jikin, daga 1971 zuwa 1989, ya fitar da sama da dubu 200, to ka ga ba wata aba ce da ta yi ƙaranci a duniya ba. Ita 560SL ɗin ce ta zo a ƙarshe, daga 1986 zuwa 1989, aka yi ta don kasuwar Amurka da Japan da Ostareliya. Abin da ke wuyar samu shi ne wadda ba ta sha hanya ba. Biyu za su tsaya kafaɗa da kafaɗa, launi ɗaya, shekara ɗaya, amma farashinsu ya yi hannun riga saboda abin da mita ta nuna kawai. Na san wannan sarai, kuma sanin ne ya kai ni ya baro. Na yi tayi aka ce albarka, na ƙara aka ce albarka, dillali na ta raɗa mini cewa wani daga Kano na hanya. Kafin la'asar na ajiye kafin alƙalami.

Gwaji kuwa, da galan aka zuba mata mai, aka ɗaura batirin aro, muka zagaya layi biyu muka dawo, wai takardunta sun ƙare kada a hau babban titi. Kunnena na kan inji, idona na kan hanya. Ban ko kalli lambar ba.

Asiri ya tonu ne ran Asabar ta biyu, bayan an canja baƙin mai da fulogi an wanke tanki. Akwai ɗaurin auren ɗan wani abokin kasuwancina a Daura, na ce yau za a san na yi mota. Na ɗauki aminina, muka cika tanki muka kama hanya. Gaskiya tafiyar farko ta yi daɗi. Injin silinda takwas ne, lita 5.5, ba ya ihu, wani irin gurnani yake yi can ƙasa-ƙasa, kana taɓa totur ka ji kujera ta tura bayanka. Mun wuce Mashi kaɗan aminin nawa ya leƙo ya ce, “Wai Alhaji, lambar nan taka ba ta motsi ne?”

Na ce wace lamba? Ya nuna.

Allurar gudu na kan 60, tana rawarta lafiya lau. Lambar kuwa 41,276. Na ce ƙila sai an cika mil take juyawa, mu ba ta lokaci. Muka zuba mata ido kamar masu duban wata. Muka wuce ƙauye ɗaya, muka wuce na biyu. Na danna ƙaramar mitar da ke ƙirga tafiyar yini, ita ma ko gezau. Katsina zuwa Daura kusan kilomita 80 ne, mil hamsin ke nan, ya kamata mu shiga gari tana nuna 41,326 ko kusa da haka. Muka yi fakin a ƙofar gidan biki tana nan a 41,276, kamar yadda na gan ta ranar da aka yaye tamfol.

Abin haushin, jama'a suka yanyame motar. Yara na leƙe, samari na ɗaukar hoto, wani dattijo ya dafa bonet ya ce rabonsa da ganin irinta tun zamanin mulkin soja. Kowa “Allah ya sa alheri, Allah ya tsare.” Ina amsawa da amin, cikina kuwa kamar an zuba garwashi. Shinkafar bikin nan ban san ɗanɗanonta ba. Aminina, Allah ya shirye shi, duk wanda ya tambayi tafiyar da ta yi sai ya ce, “Ai ba ta tafiya, ko yanzu daga Katsina ba ta yi ko mil ɗaya ba.”

Litinin da sassafe ina garejin bakanikena. Shi da mai rewaya suka zaro agogon gaba ɗaya suka buɗe a kan benci. Kamfanin VDO ne ya yi shi. Can ciki akwai wani ɗan haƙorin roba da bai fi ƙwayar gyaɗa ba, shi ke juya lambobin. Ya zama ruwan ƙasa, ya yi laushi kamar tsohon sabulu, haƙora biyu sun gutsure. Mai rewaya ya ɗora mini shi a tafin hannu ya ce, “Oga, ba wanda ya juya maka mita. Da kanta ta mutu. Ciwon Marsandin wancan zamanin ke nan, robar ce ke ruɓewa, allura na aiki lamba na barci.”

Da farko na ji sanyi, na ce to aƙalla ba cuta ta aka yi da gangan ba. Ina cikin mota zan koma gida abin ya dawo mini sabo. In da juya ta aka yi, akwai mutum ɗaya a duniya da ya san gaskiyar lambar. Yanzu babu kowa. Ko mil dubu 60 ta yi, ko dubu 160, sai Allah.

Na shiga cigiya har aka haɗa ni da tsohon direban marigayin, wani dattijo da ke zama a ƙofar masallacin unguwarsu bayan la'asar. Na durƙusa na gaishe shi na ce, “Baba, mitar motar nan fa?” Ya yi dariya har da tari. Ya ce, “Ɗana, tun da na kama aiki a gidan nan haka na same ta. Na taɓa yi wa Alhaji magana, ya ce a bar ta, ai ba lamba ke jan mota ba.” Ya ce da ita suke zuwa Kano, da ita suke zuwa Kaduna, har Maraɗi sun sha leƙawa da ita in Alhaji na jin nishaɗi. Shekara nawa? Ya ɗaga hannu ya ce da dama dai.

Daga nan ne idona ya buɗe, na fara ganin abin da ke gabana tun ranar farko. Robar fedar birki ta cinye ta gefen dama har ƙarfe ya leƙo. Kujerar direba ta lotsa ta wajen ƙofa, inda ake gogawa wajen shiga da fita, ta fasinja kuwa tana nan cike. Sitiyari ya yi santsi a sama, makulli ya sha hannu har haƙoransa sun dushe. Dillali ya nuna mini safaya a but, mai lamba uku a gefe, alamar an yi ta kafin shekarar 2000, ya ce ko taya ba a taɓa canjawa ba. Ashe na ƙasa huɗun 2311 ke rubuce a jikinsu, wato mako na 23 na 2011. Ko shekarar ma ba daidai ya faɗa ba. Ya ce ƙirar 89 ce, ta ƙarshe. Ɗan ƙanena ya karanta lambar shasi, mai harafi da lamba 17, ya ƙirga zuwa na goma ya ga H. H kuwa 1987 ce, ta 1989 K take ɗauka. Minti biyu aikin ya ɗauke shi, ni kuwa da furfurata ban yi ba.

Da na tari dillalin, ko kunya. “Alhaji, ni fa abin da ido ya gani na faɗa. Kai ma ka gani.” La'adarsa kuwa ta riga ta shige. Shi kam na bar shi da Allah.

Babban ɗan marigayin ne ya ba ni mamaki. Na je masa da zafi, ya saurare ni har na gama, ya rantse bai taɓa lura ba, kuma na yarda da shi, don ko tuƙa ta bai taɓa yi ba. Sai ya ce, “Alhaji, in ba ta kwanta maka ba ka dawo da ita. Ba a riga an raba kuɗin ba, ba za mu ci haƙƙinka a gadon mahaifinmu ba.” Na yi shiru. Na leƙa ta taga na hango ta a ƙofar gida, rana na dukan jan fentin nan. Wallahi bakina ya ƙi furta a mayar. Muka daidaita ya rage mini wani abu, ya kuma sa aka fito mini da wani kwali daga sito, cike da tsofaffin kayan gyara da littafin motar.

Kuma don Allah, motar mota ce. Rufe ƙofarta kaɗai ya ishe ka, wani “tim” take yi kamar ƙofar taskar banki. Irin jikin nan an san shi da tsatsa a ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, amma busasshiyar iskar Katsina ta yi mata rana, mai gyaran jiki ya shiga ƙarƙashi da tocila ya fito bai samu abin kirki ba. Giya huɗu ce mai canja kanta, tana shiga ba ka ji. Ranar da muka ɗauke rufin ƙarfen, mu biyu da kyar don nauyi, na bi ta Ƙofar Soro da yamma, na ji kamar an rage mini shekara ashirin. Washegari na tashi da mura da ƙura har cikin kunne, amma ban yi nadama ba.

Nadamar daga baya ta zo, da lissafin gareji. Ashe zaman da ta yi a ƙarƙashin tamfol ya fi tafiyar yi mata illa. Duk wata roba ta bushe: tiyon ruwa, tiyon mai, fanbel, robobin ƙofa. Man da ya kwana shekaru a ciki ya zama kamar danƙo ya toshe na'urar raba mai, irin ta Bosch da ake kira KE-Jetronic, wadda yaran gareji na yanzu ba su san kanta ba, don ba a sa mata kwamfuta ta faɗi ciwonta. Sai da aka nemo wani tsohon bakanike daga Kano ya kwana biyu a kanta. Ɓeraye sun yi gida a rufin yadin da ke naɗe a baya, sun ci rabonsu. Na'urar sanyaya ciki tsohon gas take sha, R12, wanda aka daina yi, sai an mayar da ita R134a, kuma har yau a zafin Afrilu sai dai a ce da babu gara ba daɗi.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne sarƙar inji. Akwai wasu robobi da ke riƙe ta a hanya, in sun tsufa sukan karye, sarƙa ta yi tsalle, bawul ya haɗu da fistin, shi ke nan inji ya tashi aiki. Da lambar nan gaskiya ce da sai in ce akwai sauran lokaci. Da bakanike ya buɗe murfin sama, robobin da aka san su da haske sun koma kalar goron da aka tauna, ɗaya har ya tsage. Wato duk gudun da na yi a hanyar Daura a bakin rami nake. Wasu kayan an samu a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, sauran sai da aka yi odar su daga waje, na yi mako biyar ina kallon ta a kan jak. Duk lokacin da aka turo mini sabon lissafi sai fuskar dillalin nan ta faɗo mini, da yadda ya ja hannuna.

Mai kuma kada ma a yi magana. Tankinta lita 85 ne, kuma tun da aka cire tallafi a 2023 kowa ya san abin da hakan ke nufi. Ga ta ƙasa-ƙasa, duk tudun rage gudu sai na bi shi a karkace ina salati. Uwargida ta sa mata suna Amarya, wai ta fi kowa ci a gidan kuma ba ta aikin komai. Ranar Juma'a kawai nake fita da ita, sai ko in an yi baƙo.

An sa sabon haƙori, mita na juyawa, jiya ta nuna 41,902. Tsohon haƙorin yana nan cikin ɗan akwatin toka na motar, a ƙulle a leda. Shekaranjiya sai ga kiran dillalin nan, ko gaisuwar kirki babu, wai ya samo mini mai saye daga Abuja, kuɗi masu kyau. “Amma Alhaji, don Allah in ya zo ka bar ni in yi magana, kai dai ka nuna masa mita.” Na ce ya kawo shi, zan nuna masa mita, in kuma buɗe masa ledar. Har yanzu bai sake kira ba.