Kayan gwajin guba a ruwa: na'urar ta yi, ruwan zinariyar ne matsala

Na'urar Raman ta hannun, wadda ke haska ruwan gwaji da lesa don gano sinadaran da ke ciki, ba ni da ƙorafi a kanta, hasken lesa na nanomita 785 ne kuma tana aikinta. Abin da ya ɓata mini rai kwalaben ruwan ƙwayoyin zinariya ne da ke zuwa tare da ita, ruwan da ke ƙara ƙarfin alamar gubar da na'urar ke karantawa. Mai kyau ja ne kamar zoɓo. Rabin nawa ya iso Garwa, a arewacin Kamaru, ya koma shuɗi, baƙin gari kwance a gindin kwalba. Wato ƙwayoyin sun riga sun dunƙule a hanya, ba mai gyara su. Ta yaya za a ɗauko kayan da ke son sanyin digiri 4 daga Duwala, a bi da shi Ngaundere cikin zafin watan Maris, a kwali kawai ba ko ƙanƙara? Dillalin cewa ya yi in girgiza. Girgizawa ba ta raba su!

Kwalaben da suka tsira kuwa sun ba ni mamaki, gaskiya. Ruwan da ya gangaro daga gonar auduga za a tace da matata mai ƙofofin maikuron 0.45, a zuba ɗigo cikin ruwan zinariyar, a ƙara ɗan ruwan gishiri, a auna cikin minti ɗaya zuwa biyu. Tiram, maganin da ake cuɗa iri da shi, alamarsa ta fito sarai a wajen lamba 1380 a ma'aunin na'urar, domin sinadarin kibiritun da ke jikinsa yana manne wa zinariya. Aka wuce wannan lokacin, ƙwayoyin sai su kwanta, alamar ta dushe. Gishiri ya yi yawa, haka nan.

Amma takardar da ke cikin kwalin ta cika baki. Gilifosat, maganin ciyawar da manoma suka fi fesawa, da kyar ake ganinsa, don ba ya kama zinariya da kyau. Jan ruwan Binuwai na damina kuma, ruɓaɓɓen ganyen da ya narke a ciki yana rufe ƙwayoyin, ya haska ya danne alamar. Masu kayan ba su faɗi ko ɗaya ba. Ba su kuma faɗi cewa daskarewa ma tana lalata ruwan zinariyar ba, don haka a sa a firij, kada a kai shi firiza.

Don tantance ko akwai tiram ko babu, ya isa. Adadi kuwa sai an kai babban ɗakin gwaji. Kuɗin rabin kwalaben da suka lalace har yau dillalin bai mayar ba, kuma ba zan sake karɓar kaya ba sai na ga launinsa a gabansa.