Cire kafeyin daga gahawa: hanyar ruwa ko hanyar rake?

Wani ɗan'uwa ya tambaya wace ce ta fi tsakanin gahawar da aka cire wa kafeyin, wato sinadarin da ke hana barci, da ruwa da wadda aka cire wa da sinadarin rake, musamman idan ta ƙananan manoma ce. Da farko dai, ba manomi ne ke wannan aiki ba. Shi ɗanyar ƙwaya yake sayarwa, sai masana'anta ta cire sinadarin tun ba a gasa ta ba.

A hanyar ruwa, wadda kamfanin Swiss Water da ke kusa da Vancouver a Kanada ya yi fice da ita, ana jiƙa ƙwayar ne a ruwan da ya riga ya ƙoshi da duk sinadaran ɗanɗanon gahawa, ban da kafeyin. Da yake ruwan ba ya da gurbin ɗaukar wani ɗanɗano, kafeyin kaɗai ke fita, sannan a bi da ruwan ta matatar gawayi ta kama shi, a sake zagayowa na tsawon sa'o'i. Amfaninta shi ne gahawar da aka noma ba tare da takin zamani da maganin feshi ba tana riƙe takardar shaidarta. Illarta kuwa, wasu na jin ɗanɗanon ya ɗan yi lami, ga kuma doguwar tafiyar da buhunan ke yi, wadda kuɗinta ke hawa kan mai saye.

Hanyar rake ta fi ƙarfi a Kolombiya, inda ake da masana'antarta a Manizales. Ana turara ƙwayar har ta kumbura, a yi ta wanke ta da etil asitet, wanda ake samu daga tsimin ruwan rake, sannan a sake turarawa don korar ragowarsa. Sunan kan tsorata mutane, alhali sinadarin yana cikin ayaba nunanniya. Yakan bar wa gahawar ɗan zaƙi irin na 'ya'yan itace, abin da wasu ke so, wasu kuma ke ganin ya rufe asalin ƙamshinta.

Akwai kuma hanyar iskar kabon mai matsi, amma injinanta masu tsada ne, don haka manyan kaya ake kai mata.

Ko wacce aka bi, kafeyin ba ya ƙarewa ƙaf. Ƙa'idar da ake bi a ƙasashen Turai da dama ita ce kada ya wuce kashi 0.1 cikin ɗari a gasasshiyar gahawa.

A ganina, idan gahawar ta Kolombiya ce, hanyar rake ta fi dacewa da ƙaramin manomi, domin ana sarrafa ta a ƙasarsa, kuɗin aikin kuma bai fita waje ba. Wanda kuwa damuwarsa shaidar noma ba tare da takin zamani da maganin feshi ba ce, ya nemi ta ruwa, ya kuma duba ko an rubuta sunan ƙungiyar manoman a jikin ledar.